Sauke mota ta kwanta ƙasa: kuɗin sifirin somin taɓi ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu amsa wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin masu mota, musamman matasa: nawa zan kashe in sauke motata ta kwanta ƙasa? Mai tambayar yakan zo ne ya riga ya ga farashin gajerun sifirin huɗu a intanet, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kowace ƙafa, ya ɗora ɗan abin da yake ganin ya ishi makanike, shi ke nan a wurinsa lissafi ya ƙare. Alhali ba a ma fara ba. Farashi yana bambanta daga wuri zuwa wuri, amma abubuwan da za a biya kuɗinsu ɗaya ne ko'ina, kuma su muke so mai mota ya sani tun kafin a ɗaga motarsa a kan jak.

Shi sifirin na saukarwa ya fi na asali gajarta, ya kuma fi shi tauri. Dole ne ya fi tauri, domin tazarar da taya za ta yi sama kafin ƙarfe ya daki ƙarfe ta ragu. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Eibach da H&R na Jamus da Tein na Japan, yawancin abin da suke yi wa motocin hawa yana sauke su da milimita 25 zuwa 40 ne, wato inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai masu kaiwa 50 ko fiye. Wannan lambar ita ce ke yanke hukunci a kan duk sauran kuɗin. Mota mai lafiyar ƙafa takan ɗauki milimita 25 ko 30 ba tare da ta nemi wani abu mai yawa ba. Da zarar an wuce 40, kowace milimita da nata kuɗin take zuwa.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar sifirin na wannan motar ne takamaimai. Sunan mota kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da shekarar ƙira da irin injin da ke ciki. Mota mai silinda shida ko mai injin dizal ta fi mai silinda huɗu nauyi a gaba, saboda haka sifirin ɗinsu ba ɗaya ba ne ko da sun zauna a mazauni ɗaya. In aka sa na mai nauyi a mota marar nauyi, gabanta zai ɗaga kamar mai hangen sama. In aka yi akasin haka, ta duƙa. Ko wanne ya faru, kuɗin aiki sau biyu ke nan.

Kuɗin aikin kuwa lokaci ake biya. A mota mai sauƙin ƙafa, makanike mai kayan aiki yakan gama ƙafa huɗu cikin awa biyu zuwa huɗu. Abin da ke sa wani ya faɗi kuɗi kaɗan wani ya faɗi da yawa, galibi ƙirar motar ce da kuma tsatsa. Yawancin ƙananan motoci suna da tsarin MacPherson a gaba, inda sifirin ke zagaye da shokozoba, su biyun su fito tare. A baya kuma sau da yawa sifirin yana zaune shi kaɗai a kan hannun ƙafa, sai kawai a tokare hannun da jak, a kwance boltin ƙasan shokozoba, a sauke a hankali, a zare tsoho a sa sabo. Wannan bai cika wuce rabin awa ba. Amma akwai motocin da sai an cire kujerar baya ko shimfiɗar cikin but kafin a kai ga notukan saman shokozoba. Volkswagen Golf daga ƙira ta biyar zuwa sama, shokozobarta ta gaba a cikin wani wuya take da aka matse da bolti, sai da ɗan ƙarfen buɗa wuyan take fita. Tsofaffin Marsandi irin W124 da W210 kuwa, sifirin ɗin gabansu dogo ne mai mugun ƙarfi, yana zaune daban da shokozoba, kuma ba ya matsuwa lafiya sai da na'ura mai faifai biyu da ake zurawa ta cikinsa. Wanda ya mallaki wannan na'ura ba zai karɓi kuɗi ɗaya da wanda ba shi da ita ba, kuma gaskiyarsa ce.

Ga yadda aikin gaba yake tafiya in ana yinsa yadda ya kamata, domin mai mota ya san abin da yake biya. Da farko a ajiye motar a wuri mai daidai, a daidaita iskar tayoyi, a auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda a kusurwa huɗu, a rubuta. Daga tsakiyar rim, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta ɓata awon. Wanda bai yi wannan awon ba, babu yadda za a yi daga baya ya san ko motar ta sauka daidai ko ta karkace. Sannan a ɗaga, a tokare da madogarar ƙarfe, a cire taya. A kwance linkin sitabilaiza, wato gajeriyar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana, a saki maƙalin tiyon birki da wayar ABS, wato ta sensan birki, daga jikin shokozoba, a cire manyan bolti biyu na ƙasa. A nan ne ake yawan yin ɓarna ta farko: in aka bar hob, wato inda ake ɗaure taya, ya faɗo waje da nauyinsa, yana iya janyo shaf ɗin da ke juya tayar ya zare daga joyin ɗin ciki, ko ya ja tiyon birki har ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Igiya ko waya a ɗaure hob ɗin da ita, magana ta ƙare. Daga sama kuma notuka ukun gefe kaɗai ake kwancewa. Na tsakiya ba a taɓa shi sai an matse sifirin.

Muna jaddada wannan domin rai ne a ciki. Sifirin da ke ɗaure a jikin shokozoba yana riƙe da ƙarfin da zai iya kai nauyin kilo ɗari biyu ko uku. In aka kwance notin tsakiya ba a matse shi ba, ko na'urar matsewar ta zame gefe ɗaya, marfin saman zai fita kamar harsashi. Ana sa matsewa biyu daura da juna, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, kuma ba a sa fuska ko ƙirji a saitin bakin sifirin. Duk wanda ke tunanin yi da kansa a gida don ya tsira da kuɗin aiki, wannan matakin ne ya kamata ya tsaya ya sake shawara a kai. Yana ma iya cire shokozobar da kansa, ya kai wa mai na'urar matse sifirin da ake kafewa a bango ya sauya masa sifirin kawai.

Wajen kwance notin tsakiya, sandar shokozoba tana son juyawa tare da shi. Ana riƙe ta ne ta kanta da ɗan makullin da ya dace. Kada a yarda a kama jikin sandar mai sheƙi da filaya, domin ƙaramin ƙarzani ya isa ya yanke robar da ke tare mai, bayan 'yan makonni shokozoba ta fara yoyo. Haka nan bindigar iska ta kwance noti, in ta juya sandar da gudu, tana lalata cikin. Sabon sifirin kuma yana da sama da ƙasa, yana da na gaba da na baya. A kan na Jamus za a ga VA, wato gaba, da HA, wato baya. Ƙarshen wayarsa sai ya zauna cif a cikin ɗan matakin da ke mazauninsa. In ya kauce, motar za ta ɗara tsayi ta wannan gefen, kuma a riƙa jin ƙas-ƙas duk lokacin da aka juya sitiyari.

Da an buɗe wurin, ƙananan kaya za su fara neman kuɗinsu, kuma su ne ba sa cikin lissafin kowa. Akwai robar saman shokozoba da boris ɗin da ke cikinta, wanda a kansa ƙafar gaba ke juyawa. Akwai robar kare ƙura, da robobin mazaunin sifirin sama da ƙasa, da linkin sitabilaiza wanda sau da yawa tsatsa kan sa sai an yanke shi. Akwai kuma ɗan soson roba mai tauri da ke kan sandar shokozoba, wanda ke tare ta kafin ta kai ƙarshe. Wasu kamfanonin suna haɗo gajere a cikin kwali, wasu kuma su rubuta a takardar umarni cewa a yanke kaza daga na asali. A karanta takardar. In aka bar dogon a mota da aka sauke sosai, to a kan robar nan motar za ta zauna, ba a kan sifirin ba, sai ta riƙa tsalle kamar amalanke, mai ita yana zagin sifirin da bai yi laifi ba. Motocin Jamus da yawa kuma boltin ƙafarsu sau ɗaya ake ɗaura shi, domin yana miƙewa wajen ɗauri; sabo ake saya.

Sai wani mataki da ba ya cin ko kwabo amma rashin yinsa ke cin kuɗi. Duk boltin da ya ratsa ta cikin bushin, wato robar da ke mahaɗin hannun ƙafa, ba a yi masa ɗaurin ƙarshe mota tana rataye. Sai an sauke ta nauyinta ya hau kan tayoyi. Dalili shi ne robar bushin ba zamewa take yi ba, murɗewa take. In aka ɗaure ƙafa tana lilo, da an sauke motar robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ta tsage da wuri, kuma ta hana motar sauka yadda aka yi alkawari. Tunda tsayin motar ya canza, har bushin ɗin hannuwan da ba a cire ba, kyau a sassauta su a sake ɗaurewa a sabon tsayi, da sifana mai awon ɗauri, bisa adadin da littafin motar ya faɗa.

Yanzu ga babbar magana, wadda ita ce ke ninka lissafi: shokozoba. An ƙera ta asali ne ta yi aiki a wani yanki na tsayinta, da sifirin mai wani tauri. A ce tana da tazarar milimita 80 kafin ta kai ga robar tarewa, aka sauke motar da 40, rabi ya rage ke nan. Ga shi kuma an ɗora mata sifirin da ya fi ƙarfin abin da aka tsara ta ta danne. Sabuwa takan jure in saukarwar kaɗan ce. Wadda ta riga ta ci kilomita dubu tamanin ko ɗari kuwa, ba ta daɗewa. Alamar ita ce motar ta haye tudu ta ci gaba da rausaya sau biyu sau uku maimakon ta tsaya cak, ko a ga jikin shokozobar ya jiƙe da mai. Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: in shokozoba ta tsufa, a canza ta rana ɗaya da sifirin. Aikin ɗaya ne, buɗewar ɗaya ce, alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, ɗaya ne. Wanda ya ƙi, zai biya duka ukun a karo na biyu. Akwai waɗanda aka yi musamman don gajeren sifirin, irin Bilstein B8, mai gajeriyar sanda, wadda ke riƙe sifirin a matse ko da taya ta rataya. Huɗu daga cikin irin waɗannan sukan fi sifirin ɗin kansa tsada nesa ba kusa ba. Idan lissafi ya kai nan, yana da kyau mutum ya duba farashin koyiloba, wato shokozoba da sifirin da aka ƙera tare, mai zare a jiki da ake ɗagawa ko saukewa. Mai kyau ya fi tsada, amma wani lokaci tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Marar suna mai araha kuwa, gara sifirin na kirki a kan shokozoba ta kirki.

Alaimen ba zaɓi ba ne. Da mota ta sauka, hannuwan ƙafa sun canza kusurwa, saman tayoyi ya karkata ciki, abin da ake kira kamba, hancin tayoyin kuma ya juya ciki ko waje. Mutane kamba suke gani da ido, shi suke tsoro, amma juyawar hancin ce ke cin taya da gaggawa. Lissafin a fili yake: tayar da ta kauce da digiri ɗaya, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 17. Kamar ana goga ta a kan dutsen wasa wuƙa ne. Shi ya sa za a ga taya sabuwa fil daga waje, a sa hannu ta ciki a ji waya. A yi alaimen na ƙafa huɗu, a karɓi takardar awon kafin da bayan gyara. Sifirin yakan ƙara zama da 'yan milimita a kwanakin farko, saboda haka wasu sukan daidaita hancin tayoyi nan take, su bar cikakken alaimen sai an yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku. Wannan dabara ce mai kyau, in dai ba a mance da komawa ba.

Matsalar ita ce motoci da yawa ba su da wurin daidaita kamba daga kamfani. A gaba, bolti mai ƙusumbi da ake sawa a madadin na asali yakan dawo da digiri ɗaya ko fiye kaɗan, kuma ba shi da tsada. A baya, motar da ke da hannuwa da yawa tana iya buƙatar hannu mai zare, wanda kuɗinsa ba wasa ba ne. Mai gungumen ƙarfe guda a baya, irin Corolla da yawa, ba ta da abin juyawa sam. Motar da ke da aksil guda da sandar da ke riƙe shi daga gefe kuma, in aka sauke ta, aksil ɗin yakan gusa gefe ɗaya, sai an sa sanda mai zare ta dawo da shi tsakiya. Masu sifirin na faranti a baya, irin Hilux, wannan maganar ma ba tasu ba ce, hanyarsu daban take.

Sababbin motoci sun ƙaro nasu. Mai fitilar da ke daidaita kanta tana da ɗan sensa a jikin hannun ƙafa. Da an sauke motar, sai ya ɗauka an yi mata lodi, fitila ta koma haska ƙasa ko ta kashe wa na gaba ido, sai an sake saita ta. Mai kyamara a gilashin gaba ko rada a bamba, wadda ke taka birki da kanta ko ta riƙe layi, kamfanoni da yawa sun ce a sake saita su bayan an canza tsayi ko an yi alaimen, kuma sai da kwamfuta da allon awo. Mai shokozoba ta lantarki kuwa, a tabbatar sifirin ɗin an yi shi don ita.

Ba za mu wuce ba mu taɓo hanyar araha ba, wato yanke sifirin na asali ko gasa shi da wutar walda har mota ta zauna. Gasawa ba hanyar bi ba ce ko kaɗan. Ƙarfen sifirin an yi masa horo na zafi da sanyi a masana'anta. Wuta tana kashe wannan horon, wurin da aka gasa ya yi laushi, ya ci gaba da lotsawa, wata rana ya karye, kuma babu yadda za a yi ƙafa huɗu su sauka daidai. Yankewa ta ɗan fi dama, amma ita ma da sauran rina a kaba. Sifirin mai zagaye takwas masu aiki, in aka cire ɗaya, taurinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai, abin da bai kai ya rama tazarar da aka rasa ba. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauni, musamman in asalinsa lanƙwasasshe ne ko an daddale shi. Mafi muni, in ya gajarce da yawa, ranar da taya ta faɗa rami ƙafa ta miƙe gaba ɗaya, yana iya ficewa daga mazauninsa mota tana gudu. A tsarin da sifirin ke zaune a tsakiyar hannun ƙafa ma, abin da aka yanke yana ninkuwa kafin ya kai taya, sai a nemi inci ɗaya a sami kusan biyu.

Bayan an fita daga gareji ma akwai kuɗin da ke biyo baya a hankali. Leɓen bamba, salansa da kaskon baƙin mai duk sun matso kusa da kwalta. Bamba in ta gogu, ado ne ya tafi. Kasko in ya fashe a kan tudun rage gudu ba a lura ba, inji ne zai tafi. Wanda ya sa faffaɗan rim zai iya jin taya tana cin fenda a kwana ko in an cika kujerar baya, sai an naɗe leɓen fendar ciki. Kamfanin mota yana iya ƙin gyara abin da ya lalace a ƙafa ƙarƙashin garanti in ya ga canjin ne sanadi. Dokoki ma sun bambanta: a Jamus sai sifirin yana da takardar amincewa, kuma sau da yawa sai masu binciken mota irin TÜV sun duba aikin, a Birtaniya kuwa wajibi ne a sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba yana iya ƙin biya ranar da aka yi haɗari. Kowa ya binciki yadda abin yake a inda motarsa ke da rajista.

Saboda haka wanda zai je tambayar farashi, ya nemi a rubuta masa a takarda ɗaya: sifirin, awannin aiki, robobi da boris da bolti, shokozoba in ta tsufa, alaimen na ƙafa huɗu, kayan gyaran kamba in an buƙata, da saita fitila da kyamara. Ya tambaya ko kuɗin alaimen ya haɗa da dawowa a sake dubawa. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyar a sake bin notuka da sifana, a sake awon nan na kusurwa huɗu a gwada da na farko. Bambancin hagu da dama bai kamata ya wuce 'yan milimita ba. Tsofaffin sifirin kuma kada a bar su a gareji. A ɗaure su bibbiyu, a rubuta na gaba da na baya, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, domin masu sayen mota da yawa ba sa son wadda aka sauke, kuma mayar da ita yadda take wani kuɗin aikin ne da wani alaimen ɗin.

Mun gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu aikin ƙafar mota